Jar Wayar Kawu Eilif

Eilif Brattvoll ba kawuna ba ne na jini. Shi da babana, Arnfinn, sun yi aiki tare a ɗakin injin jirgin fito da ke kai motoci tsibirinmu. Da babana ya rasu ina 'yar firamare, Eilif ne ya ɗauki akwatin gawar ta wajen kai. Tun daga nan nake ce masa Kawu. A garinmu ko limamin coci da sunansa ake kiran sa, don haka yara sun sha yi mini dariya, shi kuwa bai taɓa hana ni ba.

Ɗan masunta ne. Bai wuce makarantar dole ba ya bi jiragen kamun kifi zuwa arewa, har sanyi ya cinye masa ƙaramin yatsan hagu. Daga nan ya koma jirgin fito. Da aka gina gada aka sallami ma'aikata, sai ya kama tuƙin tankar madara, yana bin gonaki tun kafin shanu su gama hamma. Sai da ya haura arba'in ya koyi tuƙin jirgin sama. Matarsa Ragnhild ta ce ranar da ya samu lasisi ajiye shi ya yi a kan tebur kusa da burodi, ya ci gaba da cin abincinsa, sai da ta tambaya ya ce, "An ba ni."

Haka maganarsa take. Ba ya cewa na yi, sai dai an yi. In ya kwana biyu a ƙarƙashin motar wata gwauruwa ya tashe ta, abin da za ka ji shi ne an gyara.

Ƙungiyar matuƙan jirgin sama ta garinmu Skarvnes ba ta da yawa, duka-duka mun cika dogon tebur ɗaya. Jirginmu ɗaya ne mai kujeru huɗu, ya girme ni nesa ba kusa ba, muna ce masa Gamla, tsohuwa. Titin saukarmu na ciyawa ne, a bayan gonar Gudmund, shugaban ƙungiya, kuma ƙarshensa magudanar ruwa ce. Eilif ne malamin tuƙi. In tumaki suka ɓace a kan dutse da kaka, shi ake kira. In kwalekwale bai dawo ba, kafin jirgin ceto ya taso daga birni shi ya riga ya zaga bakin teku sau biyu. Akwai mutum a garinmu da ke raye yau don Eilif ya hango jar rigarsa a kan wani falalen dutse.

Shi ya koya mini tuƙi tun ina sakandare. Ni mai fargaba ce tun fil azal, irin masu komawa su murɗa ƙofa bayan sun san sun kulle ta. Na zaci zai ce wannan harka ba tawa ba ce. Sai ya tura ƙullin tabarsa ƙarƙashin leɓe ya ce, "'Yar Arnfinn, jarumai duk na raka su maƙabarta. Matsorata ne ke tsufa a sama." Ya koya mini cewa kunne da hanci su ma mitoci ne, ba a kan allo kawai suke ba. In ƙara ta canza, in wari ya canza, in yarda da jikina kafin in tsaya gardama da shi.

Bana na gama jami'a a Trondheim, na karanta halittun ruwa, amma zuciyata ba ta wajen kifi. Na nemi shiga makarantar horar da matuƙan haya, don ina son in riƙa tuƙa jirgin ɗaukar marasa lafiya daga tsibirai. Na ci jarrabawar rubutu. Saura ganawa da su ido da ido a ƙarshen bazara, inda suke tona duk tarihin tuƙin mutum.

A watan Mayu muka yi dugnad, aikin gayyar da muke yi duk shekara in ƙanƙara ta narke. Kowa ya zo da tsumma da bokiti, mata da maza, Ragnhild ta kafa kaskon waina a bakin rumfar jirgi tana yanka cuku mai ruwan ƙasa. A dugnad ba a cewa wane ya yi kaza. In ka fenti ƙofa, an fenti ƙofa. Wanda ya kuskura ya nuna aikin hannunsa sai ya shekara ana yi masa ba'a.

Ina kwance a ƙarƙashin cikin Gamla ina kankare maiƙo, sai na ga ƙafafun Kawu sun leƙo ta ƙofa, sauran jikinsa na ƙarƙashin allon mitoci. Ya ɗago kai da wata jar wayar wuta a haƙora.

Steinar, likitan haƙorin garinmu, ya ce, "Eilif, haƙoran nan da na dasa maka ba filaya ba ne fa."

"Tun da ka dasa su yau ne suka fara amfani."

"Me kake ƙullawa a ciki?"

"Wurin caja. Ba kullum kuke kuka kwamfutar taswira tana mutu muku a sama ba?"

"Bakaniken fa? Na ji kamar doka ta ce shi ke taɓa wuta."

"Ka jira shi har kaka, ya zo ya shanye mana gahawa ya ɗaura waya ɗaya? In kana da lokacin, ni ba ni da shi, na kusa mutuwa."

Gudmund na tsaye da waina a hannu, jan miyar 'ya'yan itace na ɗiga a gemunsa. Ya juya baya ya ce, "Ni waina nake ci, ban ga komai ba."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya naɗe wurin cajar da salatif a ƙasan allo ta gefen fasinja, ya fito yana kaɗe gwiwa.

Bayan bikin gama karatu na ɗauki Mama, Borghild, a cikin Gamla. Ba ta taɓa yarda ta shiga jirgi da ni ba, sai wannan karon ta ce kyautarta ke nan gare ni. Na kai ta ta ga tsibirin da aka haife ta daga sama. Ta nuna mini rufin gidan kakata, ta ce sababbin masu gidan sun yi masa fenti mai kama da amai. Tana ta surutu, ta ma saki ƙarfen kujera da ta ƙanƙame tun tashinmu.

A hanyar dawowa gajimare ya sauko ya rufe kan duwatsu, aka yi ɗan yayyafi. Na miƙa wa Mama igiyar kwamfuta na ce ta soka a wurin cajar da ke gaban gwiwarta. Ba a jima ba ta daina magana.

"Sunniva, wani abu na ƙonewa."

Ni ma na riga na ji. Ƙaurin roba ne, mai kama maƙogwaro. Wani siririn hayaƙi ya fito daga ƙasan allo ya bi kan siket ɗinta.

Na yi abin da aka koya mini. Na kashe babban makunnin wuta, na buɗe kafar iska. Rediyo ya yi shiru. Allurar mai ta faɗi ƙasa. Inji bai tsaya ba, don shi tartsatsinsa daban ne, bai dogara da batir ba, amma duk wani abu mai amfani da wuta ya mutu, har da birkin fiffike, faifan nan da ake saukewa a bayan fuka-fukai don jirgi ya rage gudu wajen sauka. Hayaƙin ya ragu. Ban san ko wutar ta mutu ba ko tana ci a inda ba na gani.

Babban filin jirgi mai dogon titin kwalta yana bayan dutse, cikin gajimare, kuma ba ni da bakin gaya musu ga ni nan. Skarvnes kuwa ga shi a gabana. Na zaɓi gida.

"Za mu sauka da ɗan gudu, Mama. Ja bel ɗinki."

"Na ja."

"Ƙara ja."

Ba birkin fiffike, Gamla ta ƙi zama. Ta yi ta shawagi a kan ciyawa kamar ba ta san wurin ba, sai da muka wuce rabin titi tayoyi suka taɓa ƙasa. Ciyawa jiƙe take. Na taka birki, muka ci gaba da sulɓi, ina kallon magudanar tana tahowa. Tayar gaba ta faɗa ciki ta karye, farfela ta caki laka, komai ya tsaya. Goshin Mama ya daki allo, yatsunta biyu suka karye.

Kawu ne ya fara isowa, da ma yana yankan ciyawa da tarakta a gefen rumfa. Ya fito da Mama ya shimfiɗa mata rigarsa, ya danne mata goshi da hankici. Sannan ya riƙe kafaɗuna biyu.

"Kin saukar da ita, 'yar Arnfinn. Kin yi daidai. Me ya faru?"

"Hayaƙi, Kawu. Daga wurin cajar nan."

Sai ya ce, "Ruga bakin hanya ki tare motar asibiti, ba za su gane kwanar gonar ba. Ni zan zauna da Borghild."

Na ruga.

Tun da ba wanda ya ji mummunan rauni, hukumar jiragen sama ba ta turo kowa ba. Ta ce matuƙiya ta ba da bayaninta, ƙungiya ma ta ba da nata. Gudmund ya kira taro a ɗakin da ke jikin rumfa. An dafa gahawa, wani ya kawo kek. Da na shiga kowa ya gaishe ni da taushin murya, irin wadda ake yi wa mai zaman makoki.

Na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Gudmund ya saurara yana juya cokali a kofi.

"To, Sunniva. Mu dai mun gode da kuka fita da rai, wannan shi ne babba. Sai dai bakanike ya zo ya duba. Ya kunna wuta, komai na aiki. Bai ga wurin da ya ƙone ba."

"Jar wayar fa?"

"Wace waya?"

"Ta wurin caja. Wadda aka sa ranar dugnad."

Na ji ƙarar firiji, abin da ban taɓa lura da shi ba.

Gudmund ya ce, "Ranar dugnad an wanke jirgi, an yanke ciyawa, an fenti ƙofar rumfa. Abin da na sani ke nan."

"Kuna wurin fa. Steinar, kai ka yi masa maganar haƙora."

Steinar ya sunkuyar da kai yana tsince ɓurɓushin kek da ɗan yatsa. "Ni kullum cikin maganar haƙora nake, Sunniva. Sana'ata ce."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

Na juya wajen Kawu. Yana can ƙarshen tebur inda ya saba zama, hannuwansa a kan gwiwa. Har a lokacin ban ji tsoro ba. Na ɗauka jira yake a gama, ya ce an sa waya, an yi kuskure, shi ke nan.

Gudmund ya ce, "Eilif, kai ka koyar da ita. Me ka gani?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Yarinyar hannunta na da kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma tun tana ƙarama akwai firgita. Gajimare ya sauko, ga uwarta a gefe. Mai firgita wani lokaci yakan ji warin abin da babu."



Aka tsara abin da za a gaya wa hukuma: matuƙiya ta yi zargin hayaƙi, ta kashe wuta, ta zaɓi gajeren titi mai jiƙa maimakon dogo, kuma ba a sami wata matsala a jirgi ba. Gudmund ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na Steinar ne ya zo ƙarshe, iyakarsa kunne. Da aka tashi wata ta naɗe mini sauran kek ta ce in kai wa Mama.

A gida na tarar da Mama tana ƙoƙarin ɓare dankali da hannu ɗaya. Na karɓi wuƙar na ba ta labari.

"Da kika tafi ki tare motar asibiti," ta ce, "ya bar ni ya shiga jirgin. Na ɗauka makulli zai cire. Ya cusa kai ƙarƙashin allo, ya daɗe. Da ya fito na ga yana naɗe jar waya a yatsu, bakinta ya yi baƙi ya narke. Ya sa a aljihun wando."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Eilif ne fa. Na ce ajiye ta zai yi ya nuna musu."

Washegari na same shi a rumfar kwalekwalensa yana gyaran kifi. Bai yi mamakin gani na ba. Ya tura mini akwatin katako da ƙafa in zauna, ban zauna ba.

"Yaya yatsun Borghild?"

"Ta gan ka, Kawu."

Ya ci gaba da farke cikin kifin, ya wurga hanjin wa tsuntsaye.

"Ina wayar?"

Ya ɗaga haɓa wajen teku.

"In aka ji an taɓa wuta ba bakanike," ya ce, "inshora ba za ta gyara Gamla ba. Ni za a karɓe mini lasisin koyarwa. Ƙungiya ta watse. In kwalekwalen wani ya kife da kaka, wa zai tashi neman sa? Steinar da mashin ɗin haƙori?"

"Sai aka ɗora mini."

"Ba wanda ya ɗora miki. Ba a ce kin yi laifi ba."

"Kai ka ɗaura wayar."

"An ɗaura. Kowa na wurin. Ke ma kina wurin."

"Fentin ƙofa ne ake cewa an yi. Wannan uwata ta kusa ƙonewa."

Ya ajiye wuƙar ya goge hannu a wando. Na ga ya tsufa, wuyansa ya saki, amma ban ji tausayinsa ba.

"Ke yarinya ce, ga digiri. Ko wannan ta wuce ki wata za ta zo. Ni in aka sauke ni, an sauke ni ke nan."

"Da ka yi shiru a taron ma. Da ka ce ba ka sani ba. Sai da ka ce ina jin abin da babu."

"An tambaye ni. Dole in faɗi wani abu da za a yarda."

"Kuma an yarda, don kai ka fi kowa sani na."

Bai musa ba. Ya ɗauko leda ya zuba kifi biyu manya, ya ɗaure, ya miƙo mini. "Kai wa Borghild. Ki ce na cire ƙaya, ba sai ta wahala da hannun ba."

Na karɓa. Har yau ban san me ya sa ba. Sai da na kai bakin hanya na lura ledar na hannuna.

Na ba hukuma nawa bayanin, na faɗi wayar, na ce Mama shaida ce. Matar da ta kira ni ta yi mini magana da mutunci. Ta ce za a ajiye bayanan biyu tare, amma ba waya, ba tabon ƙuna, kuma mahaifiyata ta bugu a kai a lokacin. Aka rufe maganar da cewa ba a gano musabbabi ba.

A garin ba wanda ya yi mini faɗa, ba wanda ya ɗauke kai. A kanti kowa na gaishe ni. Ragnhild ta daina haɗa ido da ni, shi ke nan. Eilif ya ci gaba da rayuwarsa, ya gyara wa coci famfo, ya ɗauki sabon ɗalibi a jirgin da ƙungiya ta aro. Na ji ana shirin yi masa walima in ya cika saba'in.

Ni kuwa hancina ya zame mini abokin gaba. Ina jin ƙauri a ɗakin girki, in duba in ga ba komai. Wata rana na sauka daga bas a tsakiyar hanya don na ji warin roba, na tsaya a gefen titi ina kallon sa ya tafi lafiya lau da mutanensa. Daga nan na fara tambayar kaina ko a jirgin ma haka aka yi. Mama ce ta fara magana, ko ni ce na yamutsa fuska ta gani ta biye mini? Na san amsar, amma muryar da ta ce ina jin abin da babu ita ce muryar da ta koya mini duk abin da na sani a sama, kuma ban saba ƙin yarda da ita ba.

A ƙarshen bazara na je ganawar. Mutum uku ne a bayan tebur, ta tsakiya wata kyaftin mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Sun karanta bayanan biyu. Ta sa na zana mata titin Skarvnes da inda iska ke fitowa, ta gyaɗa kai da na faɗi dalilin da ya sa ban nufi bayan dutse ba. Sannan ta jingina da kujera.

"Abu ɗaya nake so in ji. Hayaƙin nan, kin gan shi da idonki?"

Da a ranar da muka sauka ta tambaye ni, da kafin ta rufe baki na amsa. Sai na ji na tsaya ina lalube.

"Ina jin na gani," na ce. "Ina tsammanin haka."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta wani abu gajere. A ƙarshe ta ce bana ba za su ɗauke ni ba. Ta ce ƙofa ba ta rufe ba, in ƙara sa'o'in tuƙi in dawo baɗi, kuma in zo musu da shaidar malamin da ya koyar da ni a kan natsuwata.

Na fito na zauna a benci a tashar jirgin ƙasa na kira gida.

"Ba su ɗauke ni ba, Mama."

"To. Ki dawo gida, na dafa miya."

"Mama, hayaƙin nan. Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Wane launi ne?"

"Fari-fari, da ɗan shuɗi. Ya bi ta kan siket ɗina, na wanke shi sau biyu bai daina wari ba." Sai ta ce, "Sunniva, jiya ma kin tambaye ni."